Ranar da Likita Ya Leƙa Mafitsarar Babanmu

Mu biyu ne muka rubuta wannan. Tagwaye ne mu, ajinmu ɗaya a babbar sakandare. Garinmu yana yankin Kura a Jihar Kano, inda ruwan Madatsar Tiga ke bi ta manyan magudanai yana shayar da gonakin shinkafa da tumatir da alkama. Duk yaron da ya tashi a nan ya san daɗin wannan ruwa. In an tashi daga makaranta a watan Afrilu, rana ta take, ba abin da ya kai mutum ya tuɓe riga ya faɗa ciki. A nan muka koyi iyo, a nan muke kamun kifi, a nan kuma yayyenmu mata ke wanki.

Akwai wani abu da kowane yaro a garinmu ya sani, amma ba a faɗinsa a gaban manya. Wata rana za ka tsuguna fitsari, in ka zo ƙarshe sai ka ga ɗigon jini. Tsargiya ke nan. A tsakaninmu yara ba a ɗauke ta ciwo ba. Wasu cewa suke alamar girma ce, wai yaro ya fara zama namiji. Wasu su ce zafin rana ke kawo ta, wasu su ce tsallake fitsarin wani ne. Mu kanmu tun muna aji biyar na firamare muka fara ganinta. Muka yi dariya, muka rufa wa juna asiri. Ko da ma'aikatan lafiya suka zo makarantarmu da wata doguwar sanda suna auna tsayin yara suna raba farar ƙwaya, mun karɓa mun yi kamar mun haɗiye, daga baya muka tofar a bayan aji. Ƙwayar tana da ɗaci, ga shi an ce tana sa jiri.

Bara, bayan girbin shinkafa, Inna ta lura Baba yana yawan fita bayi da dare. Sai kuma ta ga tabon jini a wandonsa wajen wanki. Da ta yi masa magana sai ya ce, "Tsargiyar yarinta ce, ta saba zuwa ta tafi." Ashe ya fi wata huɗu yana ganin jinin. Sau uku yana zuwa kemis ana haɗa masa kafso, jinin ya ɗauke kwana biyu ya dawo. Tunda ba ya jin zafi, bai ga dalilin barin gona ya je ya bi layin asibiti ba.

Wata asuba fitsarin ya tsaya masa cak. Tun daga ɗakinmu muke jin nishinsa. Sai da hantsi ya dubi ludayi sannan ya samu ya yi, tare da gudajin jini. Ran nan Kawu bai saurari kowa ba, ya ɗora shi a babur sai asibitin ƙaramar hukuma. Aka gwada fitsari, aka yi masa sikanin, aka rubuta takarda aka ce ya tafi babban asibiti a birni ya ga likitan mafitsara. Yayanmu yana Legas wajen neman kuɗi, mu ne muka rage masu karanta Turanci a gidan. Da yake lokacin hutu ne, Inna ta ce mu bi su.

Likitan ba tsoho ba ne, kuma yana jin Hausa sosai. Ya tambayi Baba shekarunsa, da sana'arsa, da ko yana shan taba. Baba ya ce bai taɓa sa ta a baki ba. Likita ya ce ya tambaya ne domin taba ce kan gaba cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin mafitsara. Muna jin kalmar daji muka dubi juna. Ya ɗaga hoton sikanin ya nuna wani ɗan tudu a bangon mafitsara.

"Malam, wannan hoton inuwa kawai yake nuna mini," in ji shi. "Na ga akwai abu, amma ban san ko mene ne ba. Jini a fitsarin wanda ya kai shekarunka, ko da babu zafi, ba a yi masa hasashe. Sai na gani da idona."

Sunan gwajin da ya rubuta sistoskofi, wato leƙen mafitsara. Ya miƙo takardar amincewa ya ce, "Samari, ku karanta wa babanku a tsanake, abin da ba ku gane ba ku tambaye ni."

Ba mu taɓa yin karatu mai nauyin wannan ba. Takardar ta ce za a yi amfani da wani siririn bututu mai fitila da kyamara a bakinsa. Za a zura shi ta hanyar da fitsari ke fitowa har ya isa mafitsara. Daga nan a ɗura tsabtataccen ruwa ta cikin bututun don mafitsarar ta buɗe, likita ya ga bangonta a fuskar talabijin. Da muka zo kan layin da ya faɗi inda za a bi, ɗayanmu ya yi shiru, ɗayan ma ya kasa ɗauka. Yaya ɗa zai faɗa wa mahaifinsa wannan magana? Baba ya ce, "Ina jin ku, ta ina za a sa?" Muka sunkuyar da kai. Likita ne ya fitar da mu kunya, ya ce mu ɗan jira a waje, ya yi masa bayani da kansa.

Da Baba ya fito fuskarsa a murtuke take. Abin da ya ce wa Kawu kawai shi ne, "Mu tafi gida. Da girmana ba za a yi mini wannan ba."

Kwana tara aka yi ana fama. Inna ta yi lallashi, Kawu ya yi faɗa, Yaya ya bugo waya ya fi sau goma. Wani ya kawo sassaƙe a jarka, wani ya ce in aka sa wa namiji wannan ƙarfe shi da haihuwa har abada. Mu dai muna gefe, muna da abin faɗi amma ba mu da bakin faɗi. A ƙarshe wani dattijo abokin Baba, wanda suke sahu ɗaya a masallaci, shi ya shawo kansa. Ashe an taɓa yi masa shekaru uku da suka wuce, bai gaya wa kowa ba. Ya ce masa, "Ni ga ni a gabanka, me ya ragu a jikina? Bayan an yi mini ma aka haifi autata. Kunyar rabin awa ce, ka zaɓa tsakaninta da ciwon da ba ka san sunansa ba." Washegari Baba ya sa aka fitar da buhu biyu na shanshera aka kai kasuwa.

Da muka koma, likita bai yi masa gori ba. Ya ƙara mana bayani cewa na'urar iri biyu ce. Akwai mai lanƙwasa, wadda kaurinta bai wuce na fensir ba. Ita wannan mutum yana farke ake yi, a matsa masa wani man kashe zafi a hanyar fitsari, cikin 'yan mintoci an gama, ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa. Akwai kuma miƙaƙƙiya ta ƙarfe, wadda ake iya zura ƙananan kayan aiki ta cikinta a yanko tsoka ko a tsayar da jini. Ita ake yi wa mutum allurar barci, ko allurar baya mai kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Tunda akwai tudun da yake son cirewa, ta biyun za a yi wa Baba. Muka tambaya ko mata ma ana yi musu. Ya ce ƙwarai, nasu ma ya fi sauƙi, domin hanyar fitsarin mace ba ta wuce santimita 4 ba, ta namiji kuwa takan kai santimita 20. Kafin ranar aka sake gwada fitsarin don a tabbatar babu ƙwayoyin cuta, saboda ba a son a tura su ciki. Aka kuma ce kada ya ci komai daga tsakar dare.

Ranar aikin muka zauna a benci a bakin ɗakin tiyata, mu da Kawu. Kawu yana jan carbi, mu muna kallon agogon bango. Ba a cika awa ɗaya ba aka turo Baba a gado, idonsa biyu, an sa masa robar fitsari. Da muka yi masa sannu sai ya ce, "Wai har an gama? Ni ban ji komai ba sai hirarsu."

Da yamma likita ya zo zagaye. Ya nemi izinin Baba ya nuna mana hotunan da ya ɗauka, Baba ya ce, "Nuna musu, ai su ne 'yan boko." Bangon mafitsara mai lafiya, in ji likita, sumul yake, launinsa ja-ja mai haske, da siraran jijiyoyi. Na Baba kuwa akwai wurare da suka yi fari-fari da rawaya, kamar an watsa rairayi. Ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Kun ga wannan? Ƙwayayen tsutsar tsargiya ne da suka maƙale suka mutu a cikin tsoka, shekara da shekaru." Ya nuna tudun da ya cire, ya ce an aika da shi ɗakin bincike, sai nan da mako uku za a san ko daji ne ko ba daji ba. Sannan ya juyo ya dube mu. "Ku fa, samari? Kuna shiga ruwa?" Muka ce muna shiga. "Kuna ganin jini?" Muka ce a'a. Ƙarya muka yi, a gaban mahaifinmu, da hoton mafitsararsa a hannun likita.

Washegari aka cire robar aka sallame shi. Nas ta ce zai ji ɗan raɗaɗi wajen fitsari kuma zai ga ruwan ya yi ja-ja na 'yan kwanaki, ya yawaita shan ruwa. Amma in zazzaɓi ya rufe shi, ko jinin ya ƙaru, ko fitsarin ya tsaya, a dawo da shi ba tare da jira ba. Allah Ya taimaka ba ɗaya da ya faru.

Makonni ukun nan ba mu taɓa ganin masu tsawonsu ba. An koma makaranta, amma hankalinmu ba ya aji. Muka samu malaminmu na Bayoloji a ofis muka tambaye shi yadda tsutsa ke shiga mafitsara. Ya ɗauki alli ya zana mana. Mai tsargiya in ya yi fitsari a cikin ruwa ko a bakinsa, ƙwayayen tsutsar sukan fita tare da fitsarin su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan sai su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa, su hayayyafa a ciki, bayan makonni su fito da yawan gaske, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya sa jikinsa a ruwan, sai su huda fatarsa su shige, ba sai ya sha ba. Suna bin jini har su girma, su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, mace da namiji a manne, suna zuba ƙwai na tsawon shekaru. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini a ƙarshensa. Waɗanda suka huda bango suka faɗa cikin fitsari su ke kawo jinin da muke gani. Waɗanda suka maƙale kuwa su ke jawo kumburi da tabo. In abin ya daɗe, yana iya toshe hanyar da ke sauko da fitsari daga ƙoda, ƙodar ta lalace, yana kuma iya rikiɗa ya zama daji. Malam ya ce hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsutsa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan Adam, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Ya ƙara da cewa 'yan mata masu wanki a bakin ruwa ba su tsira ba, har ma takan taɓa musu mahaifa.

Malam mutum ne mai son tarihi, bai bar mu haka ba. Ya ce wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a birnin Alƙahira a 1851, shi ya sa Turawa ke kiran cutar bilhaziya. Ita kuma na'urar da aka sa wa Baba, tun a 1806 wani likita a Frankfurt mai suna Philipp Bozzini ya gwada leƙa cikin jikin mutum da bututu da madubi da hasken kyandir. Sai a 1879 wani Bajamushen, Maximilian Nitze, tare da wani maƙerin kayan likitoci na birnin Biyana, Joseph Leiter, suka fito da na'urar leƙen mafitsara mai haske a bakinta. Hasken nata wata waya ce da lantarki ke sa ta yi ja, sai an riƙa zagaya ta da ruwan sanyi don kada ta ƙona majinyaci. Muka tuna Baba yana cewa bai ji komai ba sai hirar likitoci.

Daren nan ba mu yi barci ba. Lissafi muka riƙa yi. Baba ya fara shiga ruwa yana yaro kamar mu, ya ga jini kamar mu, ya yi shiru kamar mu. Bambancinmu da shi shekaru ne kawai. Ɗayanmu ya ce mu bari sai sakamako ya fito. Ɗayan ya ce in sakamakon ya zo da mugun labari, wa zai iya ƙara wa Inna wani? Da safe muka same ta tana dama koko, muka faɗa mata komai, har da ƙwayar da muka tofar. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye ludayi ta daɗe tana kallonmu, sannan ta ce, "Ku ma so kuke in zauna a bencin nan saboda ku?" Da ta zage mu da ya fi mana sauƙi.

Mun yi zaton mu ma sai an leƙa tamu mafitsarar, tsoro ya kama mu. A asibitin garinmu ma'aikacin lafiya ya yi dariya ya ce yaro mai tsargiya ba ya bukatar wannan. Kwalba kawai ya ba mu, ya ce mu kawo fitsarin da muka yi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, domin lokacin ne ƙwayayen suka fi fita. Aka duba a madubin ɗakin gwaji, aka samu ƙwai a na dukanmu. Har ya bari muka leƙa muka ga abin da idonmu, dogo-dogo da tsininsa, daidai yadda Malam ya zana. Maganin shi ne dai farar ƙwayar nan da muka tofar, sunanta furazikwantel. Aka auna nauyinmu aka ba mu, aka ce mu ci abinci mu ƙoshi kafin mu sha, jirin zai yi sauƙi. Mun ɗan ji jiri da murɗar ciki na yini ɗaya. Bayan 'yan makonni jinin da muka yi shekara shida muna gani ya ɗauke. Autanmu mai shekara tara ma da aka matsa masa ya ce yana gani, shi ma aka ba shi.

Ranar karɓar sakamakon Baba, likita ya buɗe takarda ya karanta, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, ka gode wa Allah. Ba daji ba ne. Tsoka ce ta kumbura ta kewaye ƙwayayen tsargiya." Kawu ya yi hamdala da ƙarfi har nas ta leƙo. Amma likita bai bar mu mun tafi da murna kaɗai ba. Ya ce tabon da ke bangon mafitsarar ba zai goge duka ba, kuma mafitsarar da ta daɗe tana shan wannan wahala sai an riƙa sa mata ido. Ya ba Baba magani, ya rubuta masa ranar dawowa don a sake leƙawa, wannan karon da na'ura mai lanƙwasa. Baba ya karɓi katin ya sa a aljihu bai yi musu ba. Mu kuma muka ce, "Likita, ran nan ba gaskiya muka faɗa maka ba." Ya ce ya sani, yaron da ya tashi a bakin magudanar ruwa in ya ce bai taɓa ganin jini ba, sai an bincika.

Ba za mu ce komai ya warware ba. Maganin yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana wata shiga gobe. Baba ba zai daina shiga ruwa ba, domin a nan abincinmu yake. Yaya ya aiko masa da dogon takalmin roba, yana sawa wajen ban-ruwa, amma wajen dashen shinkafa ya ce taɓo yana riƙe shi, sai ya cire. Abin da muka iya yi shi ne mun daina wanka a magudana. Ruwan da aka ɗebo daga can, Inna tana ajiye shi a duro ya kwana biyu kafin a yi wanka da shi, domin 'ya'yan tsutsar ba sa wuce haka a raye in ba su samu jikin mutum ba. Mun kuma daina tsugunawa a bakin ruwa, tunda mun gane daga fitsarin irinmu ne abin ke komawa kan wasu. Abokanmu suna yi mana tsiya wai mun zama 'yan gayu. Wata rana da zafi ya tsananta mu kanmu sai mun kau da kai in mun zo wucewa, don har yanzu ruwan yana ba mu sha'awa.

Ga ɗan'uwanmu ɗalibi da ke karanta wannan, in kana ganin jini a fitsarinka, ka faɗa wa wani babba yau, a kai fitsarin a duba. In masu sandar awo sun zo makarantarku, ka karya kumallo ka haɗiye ƙwayar a gabansu. In kuma babanka ko kakanka ne ke ganin jinin yana cewa tsargiyar yarinta ce, ka nemi wanda yake jin maganarsa ya raka shi asibiti. In likita ya ce sai an leƙa, ka gaya masa ka karanta labarin wani manomi a yankin Kura da aka yi wa, ya kwana ɗaya ya koma gida.

Watan jiya ma'aikatan lafiya suka sake zuwa makarantar firamaren garinmu. Mun nemi izini daga shugaban makarantarmu muka je, muka tsaya a bayan ajin da muka taɓa tofar da namu. Yara uku muka kama da ƙwaya a kumatu, muka mayar da su layi da kofin ruwa a hannu. Baba kuma ranar komawarsa asibiti ta kusa. Katin yana cikin aljihun babbar rigarsa ta Juma'a, kuma shi da kansa ya tuna mana cewa mu nemi izinin makaranta tun da wuri.